Mu Daina Fakewa da Hamdalar Tsofaffinmu

Ranar addu'ar uku ta gwaggona na ji maganar da har yau take ci mini rai. Muna zaune a rumfar haya a ƙofar gida, an jera kujerun roba, motoci sun cushe layin har mai kayan miya ta rasa inda za ta kasa. Babban ɗanta, wanda nake ce wa Yaya, bai samu jana'iza ba, jirginsa ya sauka bayan an dawo daga maƙabarta. Yana cikin karɓar gaisuwa sai wani abokin aikinsa ya tambaye shi ko Hajiya ta daɗe tana jinya. Yaya ya gyara zaman hularsa ya ce: "Ai Hajiya ta ji daɗin ƙarshenta. Babu abin da ta nema ta rasa. Duk ranar da na buga mata waya ba ta da magana sai Alhamdulillahi." Jama'a suka ɗauka da masha Allah. Ni ma na motsa baki, don ba a tayar da rigima a zaman makoki. Amma da ina da ƙarfin hali, da na miƙe na kife kujerar da nake kai.

Na san ɗakin da Hajiya ta zauna. Gaskiya ne an kashe masa kuɗi: tayil a ƙasa, sola a kan rufi, firiji, ga talabijin da ba ya nuna komai sai ɗawafi dare da rana. An kai ta Hajji, an kai ta Umra sau biyu. Duk ƙarshen wata kuɗi na shigowa, an kuma ɗauko mata yarinya daga ƙauye tana yi mata wanki da girki. 'Ya'yanta biyar suna raye, jikoki sun haura ashirin. A zuwana na ƙarshe, bayan mun gaisa ta ce jiki da sauƙi, ta yi hamdala kamar yadda ta saba, sai ta kwance bakin zaninta, inda a da take ƙulle kuɗin adashe, ta fito da 'yar wayarta ta miƙo mini. "Ɗan nan, duba mini wannan abu. Ina jin ta lalace, kwana da kwanaki ba ta yi kuka ba." Na duba. Caji cike, layi lafiya lau, wayar ba ta da ciwon komai. Na rasa ta cewa, sai na ɗora wa kamfani laifi, na ce sabis ne ke wahala kwanan nan. Ta ce, "To, Allah Ya gyara." Ta mayar da ita ta ƙulle.

Wannan tsohuwar ce aka tsaya gaban jama'a ana ba da shaidar ta ji daɗi, hujjar kuwa hamdalarta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mun gano wata dabara mai sauƙi, mai arha, mai kama da addini: mu bar tsoho shi kaɗai, in zuciya ta tsunkule mu mu buga waya ta minti biyu, ya ce Alhamdulillahi, mu kashe mu ce ai yana cikin rufin asiri. Imaninsa ya zama mayafin da muke rufe tsiraicinmu da shi. Wannan sata ce. Hamdalar tsoho magana ce tsakaninsa da Ubangijinsa, godiya yake yi bisa numfashi, bisa Musulunci, bisa wayewar gari. Ba mu aka aiko wa wasiƙar ba, amma mun tare ta a hanya, mun ɓare, mun karanta ta a matsayin takardar yabo gare mu.

Kuma wa muke yaudara? Wane Bahaushe ne bai san gaisuwarmu ba ta da gurbin kuka ba? Je ka gadon asibiti ka ce wa mai numfashi da ƙyar "ya jiki", zai ce maka "da sauƙi". Ce wa wanda gobara ta lashe shagonsa "ya aka ji da haƙuri", zai ce "da godiya". Tsarar iyayenmu kuwa a kan kunya da kawaici aka rene su. Uwa ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa tana kewarsa. Matar da ta shekara sittin tana kau da kai daga ɗan farinta don alkunya, ita kake jira ta ce maka zo ka zauna kusa da ni? Ba za ta faɗa ba ko za ta mutu, kuma haka suke mutuwa. Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To yaya za ka tambayi fuskar da rabonka da ita tun ƙaramar Sallah?

Masu cewa imani ya isar wa tsoho su koma su karanta Suratu Yusuf a natse. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, annabi ne ɗan annabi jikan annabi. Babu kakan wani a cikinmu da zai kama ƙafarsa a tawakkali. Shi ne ya rungumi kyakkyawan haƙuri ranar da aka kawo masa riga da jinin ƙarya. Duk da haka ya yi ta kukan ɗansa shekara da shekaru har idanunsa suka yi fari. 'Ya'yansa suka gaji, suka yi masa irin faɗan da muke yi wa namu tsofaffin, wai ambaton Yusuf zai hallaka shi. Bai ce musu ya warke ba. Ya nuna musu cewa wurin Allah yake kai ƙarar baƙin cikinsa. A lura da kyau: baƙin cikin yana nan daram, kuma akwai Wanda ake kai wa. Imani bai share masa kewa ba, ya dai ba ta inda za ta dosa.

Sannan a dubi abin da ya riƙe shi tsawon shekarun nan, wato sa rai. Shi ya tura 'ya'yansa su koma su yi cigiya, ya hana su yanke ƙauna. Da ayari ya taso daga Masar da rigar Yusuf ya ji ƙanshin ɗansa tun daga nesa, yana faɗa yana gudun kada a ce gigin tsufa ne, mutanen gidan kuwa suka ce tsohon ruɗunsa ne ya motsa. Ganinsa bai dawo ba sai da rigar ta sauka a fuskarsa. Allah mai iko ne Ya mayar masa da gani ta kowace hanya, amma Ya zaɓi tufar da ta fito daga hannun ɗansa. In wannan ƙissa ba ta koya mana cewa zuciyar tsoho mai imani tana bukatar Ubangijinta tana kuma bukatar ɗanta ba, to me muke kwasowa a tafsirin da muke cika masallatai dominsa duk azumi? Annabi Zakariyya ma, da kai ya cika da furfura ƙashi ya yi rauni, roƙon da ya yi shi ne kada a bar shi shi kaɗai. Ba a ce masa ai kana da wurin ibada, me za ka yi da ɗa ba. Ɗan aka ba shi.

Abin da Littafi ya faɗa, masu bincike sun zo daga baya suna aunawa da mudu. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin shaƙuwar jariri da mai renonsa, ya kuma tsaya a kan cewa wannan bukata ba ta ƙarewa da yaye, tana bin mutum har kabari. Yaro yana yin nisa da wasa ne idan ya san akwai bayan da zai dawo ya hau. Tsoho ma yana fuskantar ciwo da mutuwa a natse idan ya san in ya yi kira za a amsa. Mu da muke cewa sabo ake yi wa kuka ba ma bukatar Bature ya gaya mana wannan. Amma tunda yanzu maganar kaka ba ta shiga kunne sai ta biyo ta jami'a, bari in ƙara.

Tun 1938 Jami'ar Harvard a Amurka ta fara bin rayuwar wasu ɗalibanta, daga baya aka haɗa da 'ya'yan talakawan birnin Boston, jimilla mutum 724, aka bi su har suka tsufa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, jin daɗin zaman mutum da na kusa da shi a shekara 50 ya fi awon kitsen da ke jininsa nuna ko zai kai 80 da lafiya. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, suka ga masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin 100. Za a ce ajali na Allah ne. Haka ne, amma haka yake ga mai hawan jini ma, kuma ba mu fasa saya wa Hajiya ƙwayarta ba. Me ya sa maganin da ake saya da kuɗi muke ɗaukarsa sababi, wanda ake biya da ƙafa kuwa mu ce a bar wa Allah?

Addinin fa? Bincike da dama sun nuna masu riƙo da addini sun fi bayyana gamsuwa da rayuwarsu. Sai dai a 2010 Chaeyoon Lim da Robert Putnam sun tono dalilin a Amurka, suka tarar babban kason wannan gamsuwa yana zuwa ne ta abokan da mutum ya yi a wurin ibada. Mai zuwa ya zauna ya tashi ba shi da aboki ko ɗaya a ciki, abin da yake samu kaɗan ne. Ni Musulmi ne, ban yarda natsuwar ambaton Allah tana shiga ma'aunin ɗan boko ba. Amma addinin da ya fifita sallar jam'i a kan ta mutum ɗaya da daraja 27, ya wajabta Juma'a, ya sa gaida mara lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, ai tun fil azal bai gina ibada a kan kaɗaici ba. Ranar da gwiwa ta hana dattijo zuwa masallaci, sahu ya tafi, dakalin bayan La'asar ya tafi, abokin tsokana ya tafi, wanda zai lura in bai fito Asuba ba shi ma ya tafi. Sai mu leƙa mu gan shi a kan buzu da carbi mu ce ya huta.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A 2007 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun buga sakamakon bincikensu a mujallar Lancet, bayan sun zanta da tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a jihohin Yarbawa. Fiye da ɗaya cikin huɗu sun taɓa faɗawa ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu. Mutanen masallaci da coci ne waɗannan, ba imani suka rasa ba. A wurinmu in tsohuwa ta daina cin abinci, ta daina magana, ta kwana ido biyu, sai mu ce jikin tsufa ne, ko ma mu yaba mu ce ta koma ga Allah. In ta fara mantuwa, tana kiran matattu, tana fita tsakar dare neman gidan ubanta, asibiti ba ya zuwa mana a rai. A wasu gidajen raɗa ake fara yi wai mayya ce. Matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego, ita ake hana jikoki karɓar abin hannunta.

Ba zan yi ƙaryar cewa zamanin da aljanna ne ba. An yi yunwa, an yi kishi, an yi tsofaffin da aka wulaƙanta. Amma gidan gandu ya san inda zai ajiye tsoho. Maigida yana zaure, mai shiga da mai fita sai ya durƙusa, shi ke raba faɗa, shi ake tambaya ranar shuka, shi ke ba da aure. Kaka tana tsakar gida, ita ce ungozoma, ita ce mai jiƙo da sassaƙe, ita ake kai wa yaro yaye, ita ke tatsuniya bayan an ci tuwo. Har wasa al'ada ta tanadar mata: jika namiji maigidanta ne, mace kishiyarta ce, a yi ta zolaya ana ƙyaƙyata dariya. Duk wanda ya assasa wasan kaka da jika ya san wani sirri na tsufa da likitoci suke lalube yanzu. Tsoho yana kwana da dalilin tashi, domin akwai wanda gobensa ba za ta yi kyau ba sai da shi. Fatan ɗan shekara 80 bai wuce haka ba: ya ga auren wance, ya ga saukar wane, a miƙo masa jariri ya tofa masa addu'a.

Mu kuwa muka tashi muka gina gidaje masu get da maigadi a bayan gari, kowa da matarsa da 'ya'yansa. Muka haifi yara muka sa musu sunayen iyayenmu, muna kiransu Abba da Ummi da Walida don girmamawa, sannan muka hana masu sunan ganinsu sai ranar Sallah, na awa guda, injin mota ko hucewa bai yi ba. Wasu jikokin ko Hausar amsa gaisuwar kakarsu ba su da ita, kuma alfahari ake yi da hakan. Mun ce kada ta ba yaro jiƙo, kada ta goya shi, kada ta ba shi loma da hannunta. Muka karɓe mata kowane aiki da sunan hutu, muka miƙa mata carbi muka ce, "Hajiya, ke yanzu sai ibada." Magana ce mai daɗin ji, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne mun gama da ke. Shi ya sa in ka tambayi da yawansu me ake ciki za su ce maka, "Muna nan muna jiran lokaci." Mu kuma mu ce tsoron Allah ne. Wani lokaci tsoron Allah ne. Wani lokaci kuwa mutum ne da aka kwashe wa duk abin da zai jira, aka bar masa mutuwa kaɗai.

Sannan mu zauna a majalisa muna yi wa Turawa dariya wai suna kai iyayensu gidan gajiyayyu. Ingila ta naɗa minista kan matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta yi haka a 2021. Su dai sun amsa cewa suna da ciwon. Mu mun gina wa kowace tsohuwa gidan gajiyayyu nata ita kaɗai, mun shafa masa fenti, muna kiransa gidan Hajiya.

Ina da magana da malamanmu. Wa'azin biyayya ga iyaye ana yinsa, amma a kunnen masu sauraro ya tsaya a buhun shinkafa, kujerar Makka, da rijiyar sadaka bayan an binne. Ayar Suratul Isra'i da ta hana nuna wa iyaye ko da mafi ƙanƙantar ƙosawa, hoton da ta zana na iyaye ne da tsufa ya riske su suna wurin ɗansu, tare da shi. Ai ba a ƙosawa da wanda ke nesa. Hanin ya ɗauka cewa kana kusa har ka gaji, har ka wanke abin da ba ka so ka gani, har a maimaita maka labari ɗaya sau goma. Mu mun samo hanyar kauce wa tsaki: mun kauce wa zaman gaba ɗaya. Wani mutum ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don mubaya'ar hijira, ya bar iyayensa suna kuka. Aka mayar da shi ya je ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Dariya aka ce, ita kuwa ba a tura ta ta banki. Uwaisul Ƙarni na can Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai samu ganin Annabi ba, amma shi ne wanda Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. To don me mumbarinmu ya iya ce wa tsoho ya yi haƙuri, amma harshe yake nauyi in za a faɗa wa ɗansa da ya saya wa masallaci janareta?

Gwamnati ma a makarantarmu ta yi karatu, ita ce gwanar ce wa tsoho ya yi haƙuri. Malamin firamare ya shekara 35 yana shaƙar alli, ya yi ritaya, ya shiga zaryar garatuti, tantancewa bayan tantancewa, ya tsaya a rana da fayil a hammata don ya tabbatar wa yaron da ya koya wa baƙi cewa bai mutu ba. In ya yanke jiki ya faɗi a layi a ce kwana ne ya ƙare. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da laifi a badaƙalar da ta haura naira biliyan 20, ta ba shi zaɓin shekara biyu a gidan yari ko tarar naira 750,000. Ya zaɓi tara. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Abdulrashid Maina, wanda aka ɗora don ya gyara harkar fansho, a Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas kan halatta kuɗin haram sama da naira biliyan 2. A 2019 tsohon gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a biya shi kuɗin kula da kai na naira miliyan 10 duk wata, abin da ya kai majalisar jihar ga soke dokar. Ban ji wanda ya tare waɗannan da karin maganar mahaƙurci mawadaci ba. Haƙuri a ƙasar nan kaya ne da ake ɗora wa wanda ba shi da bakin ƙi.

Su ma 'yan fanshon 'yan gata ne. Mafi yawan tsofaffinmu manoma ne, masu ƙosai, maƙera, 'yan koli, waɗanda sunansu bai taɓa shiga littafin albashi ba, dokar fansho ta 2004 da gyaranta na 2014 ba su sa musu ko sisi a aljihu ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, ba ta fara aiki ba sai 2021. Shiga ƙauye ka tambayi mai furfura ko ya taɓa jin sunanta. Lesotho, 'yar ƙasar da mutanenta ba su kai na birnin Kano yawa ba, tun 2004 take biyan masu shekara 70 kuɗin wata. Zanzibar ta bi sahu a 2016. A nan gida jihar Ekiti ta gwada biyan naira 5,000 a wata ga masu shekara 65 a 2011. Mu masu alfahari da shari'a da hukumomin zakka fa? Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa, ya ɗauke masa jiziya, ya sa a yanka masa rabo daga baitulmali, domin a ganinsa rashin adalci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi a tsufansa. Bayahude ke nan. Namu masu kalmar shahada suna bakin danja da ƙoƙo, muna miƙa musu naira hamsin ta gilashi muna karɓar addu'a, cinikin da kullum mu ne da riba.

Na san abin da za a ce. Rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota zuwa gida ya zama abin zama a yi lissafi. Neman abinci ya jefa wani Legas, wani Fatakwal, wani Saudiyya. 'Yan bindiga sun tare hanyoyi, sun kori tsofaffi daga garuruwan da aka binne cibiyarsu. Duk gaskiya ne, kuma ba da lebura nake ba, wanda in ya je gida iyalinsa za su kwana da yunwa. Hasali ma a iya ganina talaka mai ɗaki biyu shi ya fi riƙe uwarsa a ɗayan. Da mu nake, masu zuwa Kaduna ɗaurin auren 'yar maigida, masu kwana uku a Abuja taron siyasa, masu awa huɗu a TikTok. Da maza nake musamman, masu ɗauko uwa su ajiye wa matarsu, su fice tun safe sai dare, in an samu saɓani su ce matan zamani ba su da imani. Malam, ba matarka Hajiya ta yi wa naƙuda ba.

Abin da ake bukata ba shi da tsada, shi ya sa muke raina shi. Tsayayyar ranar zuwa da tsoho zai riƙa ƙirgawa, ko Juma'a ce ko ƙarshen wata, kuma kada a saɓa. Jika ya kwana ɗakin kaka. A mayar musu da aiki: a nemi shawararsu da gaske, a bar ta ta daka yajinta, a kai shi gona ko kallon shuka ne ya yi. Matasan masallacin unguwa da ke rige-rigen sayen lasifika su rubuta sunayen dattawan da suka daina fitowa sahu, su raba kwanaki suna leƙa su, su nemi keken tura mara lafiya na kai mutum Juma'a. Ranar 1 ga Oktoba da muke faretin 'yancin kai ita ce kuma ranar tsofaffi ta duniya, don haka gwamnan da zai yi jawabi ya fara da faɗin wata nawa 'yan fansho ke binsa. Kai kuma da tsohonka ke raye, zumunci a ƙafa yake. In ka je ka gaishe shi ya ce Alhamdulillahi, ka ce madalla, sannan ka cire takalmi ka zauna. Sauran maganar ba ta fitowa sai an yi zaman da shayi zai huce.

Ban cire kaina ba. Tsakanin gidana da na gwaggo kuɗin adaidaita ne, amma a shekararta ta ƙarshe sau uku na taka. Ranar da na ce mata sabis ne, ba ita na kare ba, mu na kare, kuma ina zaton ta gane, ta yi mini irin kawaicin da ta yi wa kowa. Ina roƙon Allah Ya karɓi hamdalarta, Ya sa ta tarar da ita cike da mizani, domin ta gaskiya ce. Sai dai ladan nata ne ita kaɗai, mu abin da ke jiranmu tambaya ce. Yarinyar da ke yi mata aiki ta gaya mini cewa ranar da ta cika, wayar nan tun hantsi take kuka har dare, kira kan kira, daga Legas, daga Abuja, daga ƙasashen waje, har batir ya mutu. Ashe sabis ɗin lafiyarsa ƙalau.